Makulli a Aljihun Baba

A majalisarmu ta bakin tasha a Jega babu wanda ya kai ni cika baki a kan sababbin motoci, alhali ni tsohuwar mota nake ja, wadda ƙofarta ta baya sai an ɗaure da igiya. Na daɗe ina lodin fasinja tsakanin Jega da Maiyama. Amma da zarar na ajiye mota na zauna a rumfar mai faci, sai in zaro waya in shiga ba mutane labarin motocin da ban taɓa gani da idona ba: wadda ake yi wa caji, wadda ke shan gas, wadda ke taka birki da kanta in ta ga mutum a gabanta. Rabin majalisa suna bayana. Sauran suna bayan Baba, tsohon direban da ya koya wa yawancinmu riƙon sitiyari. A wurinsa duk motar da bakanike ba zai iya tayar da ita a gefen hanya da sufana da guntun waya ba, ba mota ba ce. Ni kuma ga ni da saurin hawa. In aka kushe sabuwar mota, kai ka ce 'yata aka zaga.

Muna da wata al'ada da ban san wanda ya faro ta ba. Duk wanda ya sayi mota a cikinmu, sai ya kawo ta majalisa kafin ya kai ta gida. Zai miƙa wa Baba makulli, Baba ya yi addu'a ya tofa, ya jefa a aljihu, kuma ba ya mayarwa sai an kawo balangu an ci. Kafin naman ya iso akan buɗe gaban mota a bar injin yana aiki, kowa ya kasa kunne ya faɗi ra'ayinsa, domin mu da kunne muke auna mota.

Wata rana da kaka, bayan azahar, wani Alhaji mai fataucin albasa daga Aliero, ɗan majalisarmu, ya iso da motar da aka kawo masa daga Kwatano. Ba sabuwa dal ba ce, amma irinta ba ta taɓa tsayawa a gaban rumfar nan ba. Ba ta da ramin makulli. Maɓalli ne kawai a gefen sitiyari, makullin kuwa wani ɗan baƙin abu ne kamar akwatin ashana, wanda muddin yana cikin motar za ta tashi. Ranar ta zama tawa. Baba ya jujjuya abin, ya taɓe baki, ya yi addu'arsa ya jefa a aljihun babbar rigarsa. Na lallaɓa shi ya zauna a kujerar gaba, ni kuma na shiga mazaunin direba ina danna maɓallin, in tayar in kashe, in tayar in kashe, ina kallon fuskokin mutane. Na yi haka ya fi sau goma. Daga baya na bar ta tana aiki, muka fito duka muka kewaye injin. Baba ya saurara ya ce injin da ba ya magana ba a san ranar da zai yi fushi ba. Na buɗe baki zan rama ke nan wayata ta yi ƙara.

Matar yayana ce. Yayana manomi ne a wani ƙauye bayan Maiyama, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya sayar da shanunsa na huɗa ya saya mini motar da nake ci da ita. Ta ce kububuwa ta sare shi a ƙafa yana ɗaga damin dawa, an kwaso shi zuwa gida, ƙafar sai hawa take yi, kuma babu abin hawa a ƙauyen sai babur, shi kuwa ba ya iya zama. Tawa motar tana wurin bakanike, an sauke giyarta tun safe.

Alhaji ya ji komai. Shi bai gama ƙwarewa a tuƙi ba, ya kuma san haka. Ya rufe gaban motar ya ture ni ciki.

"Ɗauki ka tahi. Mi kaka jira?"

Ina barin rumfar motar ta fara wani ɗan kuka, wani rubutun Turanci ya fito a gabana. Na ɗauka bel take so in ɗaura, na ɗaura, can ta yi shiru. Ni da nake koya wa mutane labarin motocin duniya, ban tsaya na duba hoton makullin da ke ƙyaftawa a gefen rubutun ba. Na wuce gada, na miƙi hanyar Maiyama ina gudun da ban taɓa yi ba, sai ga kiran Alhaji.

"Kak ka kashe ta. Ka jiya? Mabuɗin na aljihun Baba, shi ko ya hau mota ya yi Aliero wurin ta'aziyya, wayatai a kashe. In kak kashe ta ba ta tashi."

Na tambaye shi ko akwai na biyu, ya ce da guda aka kawo ta. Ya ce zai hau kabu-kabu ya bi Baba, amma bai san ko gidan wa ake zaman makokin ba.

Wanda ba direban haya ba ne zai ce ai abu ne mai sauƙi, kada ka kashe mota, shi ke nan. Bai san mu ba. Tun da mai ya yi tsada, mu direbobin tasha ba ma barin inji ya yi numfashi ɗaya a banza. Kafin mota ta gama tsayawa mun murɗe makulli, da sauran gudunta take gangarawa wurin tsayawa. Fasinja zai sauka, a kashe. Shanu za su tsallaka, a kashe. Ba tunani ake yi ba, hannu ne ke yi. Kuma maɓallin nan yana daidai inda hannuna ya saba zuwa, ga shi na ɓata rabin sa'a ina koya wa yatsana hanyarsa.

Saboda haka da na isa ƙofar gidan yayana na sa ta a fakin, na tura hannun damana ƙarƙashin cinyata na zauna a kai. Ban fito ba. Mutanen ƙauye suka kewaye motar, wasu na kallona suna mamakin yadda ƙani zai zauna cikin sanyin mota ana ɗauko wansa. Na ga kallon, ya ƙona mini rai, amma tsoro nake in na fita wani mai tausayin mai ya taimake ni. Haka kuwa aka yi. Wani dattijo ya leƙo ta taga yana cewa in kashe ta mana, mai na ƙonewa a banza, yana laluben inda makulli yake. Na daka masa tsawar da har yau nake jin kunyarta.

Aka shimfiɗa yayana a kujerar baya. An ɗaure masa ƙafa da robar taya a ƙasan gwiwa, ta kumbura ta yi baƙi tana sheƙi. Matarsa ta ɗora kansa a cinyarta, kawunmu ya zauna gaba. Na yi masa sannu bai amsa ba, idonsa a rufe. Ta madubi na ga jini a dasashinsa, na kawar da kai.

Kafin mu hau titi fitilar mai ta kunna. Masu kawo mota daga Kwatano ba sa barin ko kofi ɗaya a tanki. Na tsaya wurin wani mai sayar da mai a galan a bakin hanyar Maiyama, ya ce sai na kashe inji, shi ba zai ƙone kansa ba. Na roƙe shi, na rantse masa, ya ƙi. Sai da kawu ya buɗe ƙofar baya ya nuna masa ƙafar, sannan ya zuba yana karanta addu'a, jikinsa a janye. Duk wannan lokacin ina zaune a kan hannuna har ya mutu, da na zare shi sai da na yarfa kafin ya kama sitiyari.

A hanya kawu ya ce mu wuce Birnin Kebbi kai tsaye. Ni na ce a'a, na taɓa jin cewa wani ƙaramin asibiti a gefen Jega yana ajiye allurar dafin maciji, mu fara gwadawa tunda a kan hanya yake. Sau biyu shanu suka tare mu, sau biyu na kama hannuna ya bar sitiyari, na dawo da shi. Zufa ta jiƙa mini riga duk da sanyin motar. Matar yayana ba ta yi kuka ba, sunansa kawai take kira a hankali, shi kuma yana amsawa da nishi.

La'asar ta yi muka isa. Na ga ƙofar asibitin a buɗe, na ga wani ma'aikaci da farar riga ya taso da sauri yana turo keken marasa lafiya. Wani sanyi ya ratsa ni, na sauke ajiyar zuciya na ce alhamdu lillahi.

Shirun na fara ji. Sai daga baya na ga yatsana a kan maɓallin.

Kawu ya riga ya fita yana magana da ma'aikacin. Matar yayana ta sunkuya tana gyara masa riga. Na taka birki na danna, motar ta yi ɗan kukanta, hoton makulli ya fito. Na sake dannawa. Na ce a raina ba komai, ai mun iso. Ma'aikacin ya leƙa ya duba ƙafar, ya tambayi irin macijin, ya ce allurarsu ta ƙare, kada ma mu sauke shi, mu wuce Birnin Kebbi yanzu yanzu. Kawu ya shigo ya rufe ƙofa ya ce mu je.

Na ce masa mota ta mutu. Ya ce kamar yaya ta mutu.

"Da kanta tam mutu, kawu. Ka san halin motocin ga na zamani."

Haka maganar ta fito daga bakina, ban shirya ta ba, ban kuma janye ta ba.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Na kira 'yan tasharmu. Wanda motarsa ke kan layi ya tafi masallaci. Na biyu ya zo, amma tankinsa a bushe yake, don mu ba ma shan mai sai mun yi lodi, sai da ya koma gidan mai ya bi layi. Ina tsaye a rana ina duba agogon waya, yayana na kwance cikin motar da ta fara zafi, matarsa na yi masa fifita da gefen mayafi. Kusan minti arba'in muka yi a ƙofar asibitin nan kafin ya dawo mu mayar da yayana cikin motarsa. Ana kiran magariba muka shiga Birnin Kebbi.

Ya rayu. Bayan kwana tara aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya yi faɗa a kan robar da aka ɗaure, ya kuma yi faɗa a kan jinkiri, bai ce wanne ya fi ba, ni ma ban tambaya ba.

A majalisa labarin ya zama hujja. Duk lokacin da aka ɗauko zancen sabuwar mota sai wani ya ce a tuna wadda ta mutu da kanta da mara lafiya a ciki. Baba ya ɗora wa kansa laifi, ya ce daga ranar ba zai ƙara sa makullin kowa a aljihu ba. Alhaji ya tsani motar, ya sayar da ita da asara. Ni kuwa bakina ya mutu. Suka ɗauka kunyar kayen da na sha a gardama ce, har suna zolayata, ina murmushin yaƙe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yayana. Duk wanda ya zo duba shi sai ya nuna ni ya ce ga wanda Allah ya sa ya zama sanadin tsirar ransa.

Da rani ya tsaya na je ƙauyen na same shi shi kaɗai a zaure yana tufkar igiya, sandunansa a jingine da bango, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an soke ta da fil. Muka gaisa. Na zauna na daɗe ina jujjuya hula a hannu, sannan na ce ina da maganar da ta hana ni sukuni game da ranar nan. Na fara da makulli, da al'adarmu, da tsadar mai, ina ta kewaye. Bai ɗago ba, yana ta murza igiyarsa a cinya.

"Na sani," ya ce. "Ban suma ba, ido kawai nir ruhe. Sa'adda kac ce alhamdu lillahi na buɗe, na ga hannunka."

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba duk watannin nan, me ya sa yake nuna ni ga mutane yana godiya.

Ya ɗaure bakin igiyar, ya ja ta ya gwada ƙarfinta.

"Ni na rasa ƙahwa. In na hwaɗi, in rasa ƙane kuma?"

Sai ya ce in miƙo masa sandunansa, lokacin salla ya yi. Na miƙa masa, na tsaya ina kallon yadda yake kokawar tashi, ya ƙi in kama shi.