Waya ta Huɗu

A gidanmu na Madarunfa batir ɗin mota shi ne lantarkinmu. Yana ɗakin Baba, ƙarƙashin tebur, waya uku na fita daga jikinsa: ɗaya ta tele, ɗaya ta ampul, ƙwan fitilar tsakar gida, ɗaya kuma ta ratsa katanga zuwa ɗakina, inda rediyona mai kaset yake. In an yi masa caji a Maraɗi, yakan kai mu mako guda.

Daminar da na gama kolej sai ya fara mutuwa cikin kwana biyu. Baba bai yi wani bincike ba. Ya ce kaset ɗina ke shanye wutar, ya cire wayata, ya kulle rediyon a akwati. Na ce masa kaset ba ta cin wuta haka, mun karanta a lakwal. Ya ce to lakwal ta saya mini batir.

Aka kawo shi cike, babu kaset, ya sake mutuwa a kwana biyu. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, har ya fi rashin rediyon: ina wutar ke zuwa?

Ranar da Baba ya tafi kasuwar Gabi na rarrafa ƙarƙashin teburin na ƙirga. Har da tawa da ke yashe a ƙasa, huɗu ne. Ta huɗun siririya ce, ta bi ƙarƙashin tabarma ta fita ta wani rami a gindin bango. Na bi ta. An turbuɗe ta a rairayi, an danne da ɓaraguzan bulo. Ta zagaya bayan rumbu, ta tsallake turken akuya, ta shige ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba.

Tana ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Ta dube ni, ta dubi wayar a hannuna, ta ce in na ja ta za ta ja kunnena.

A ƙarƙashin gadonta na tarar da tukunyar ƙasa, an rufe da faifai da tsohon zane. Na taɓa, da ɗumi. Na buɗe. Ƙaiƙayi ne a ciki, da ampul ɗin babur yana reto a sama, da ƙwan zabi goma sha huɗu, kowanne an yi masa ɗigon gawayi a gefe ɗaya don ta san wanda ta juya.

Ashe muzuru ne ya kama kazar da ke kwanci a kansu, kuma duk unguwar ba ta sami wata mai kwanci ba. Ta ce ta taɓa ƙona yatsa a ampul ɗin tsakar gida, sai ta ga abin da ya ƙona yatsa ai ya ɗumama ƙwai. Wajen mai gyaran babur ta samo kayan. Ranar da batir ya tafi Maraɗi, a toka mai ɗumi take girke tukunyar. Na tambaye ta yadda take gane zafin ya yi daidai, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta ɗora mini a fatar ido.

“Ke 'yar lakwal, akwai wannan a takardunku?”

Babu. Na ce, “Kaka, saboda ke aka ƙwace mini rediyo. Baba ya sani?”

“Wa ke ɗaure wayoyin in an kawo batir? Ko bai iya ƙidaya ba ne?”

Nan na gane. Ba zai iya ce wa uwarsa ta cire ba, ni kuwa ina kusa, sai laifin ya faɗa kaina.

Ban iya ajiye magana a ciki. Da la'asar yana alwala na tsaya a kansa na ce na ƙirga wayoyin. Bai ɗago ba. Ya wanke ƙafar dama, ya wanke ta hagu, sannan ya ce, “Saura kwana nawa?”

“Tara.”

“To.”

Kwana taran nan ni na riƙa juya ƙwan, safe da yamma, Kaka na yi mini faɗa wai hannuna garaje gare shi. Biyar suka ƙyanƙyashe. Washegari na tarar da rediyona a kan gadona, an ɗaure wayar.