Ranar da Na Wanke Kaset ɗin Iliya

A shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, wadda rana ta yi zazzaɓi da hantsi har kaji suka koma akurki, shekarata goma a duniya. Muna zaune a Gumel, gida ɗaya da kakata Iya Gambo, mahaifiyar babana. Na fara iya haɗa baƙi a allo ke nan, ina alfahari da cewa zan iya rubuta sunana da ajami, Hamisu, ba tare da malam ya kama mini hannu ba.

A ɗakunan da ke jikin gidanmu akwai 'yan haya, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ɗanta Iliya, wanda ya girme ni da shekara biyu. Kiristoci ne, amma kwano ɗaya muke ci da shi. Babansa direban babbar mota ne, ya rasu a hanya shekara guda kafin nan. Abin da ya bar masa na kansa shi ne injin gem da kaset ƙwaya ɗaya tak. Talabijin ɗinsu ta ƙone, don haka injin ya koma ɗakin babana, inda ake jona tamu da batirin mota.

A cikin gem ɗin akwai wani ɗan mutum riƙe da fitila, yana gudu a cikin kogo, yana tsallake ramuka. In ya faɗa rami sai a ji wani ɗan kiɗa mai ban tausayi, ya ɓace, sai ga shi kuma a bakin kogon yana jira. Kogunan takwas ne. Iliya ya ce shi da babansa sun taɓa kaiwa na bakwai, kuma ya yi wa kansa alkawarin sai ya ga ƙarshen na takwas. Na tambaye shi a ina mutumin yake kwana in an kashe talabijin.

"A cikin kaset mana," in ji shi. "Babana ya ce rubutu ne a ciki, injin ke karantawa."

Wata rana da la'asar Iya ta leƙo neman maficinta, ta tsaya a bayanmu.

"Wannan bawan Allah tun jiya yake gudu? Shi ba ya sallah?"

Muka yi dariya. Daidai lokacin ya faɗa rami. Iliya ya ce, "Kash, ya mutu!"

"Inna lillahi," in ji Iya. Kafin ta rufe baki ga shi ya dawo. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta yi dariya ba, ta ɗauki maficinta ta fita.

Bayan magariba muka taru a tsakar gida kamar kullum. Bazara ce, kowa na nesa da murhu sai ita kaɗai, tana suyar gyaɗa a kasko, hasken garwashi na haska rabin fuskarta. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga bayan kasko da cokali ta ce, "Ga wata baƙuwa nan a ƙofa." Mu kuma mu ce, "A shigo da ita." Iliya na gefena, ni ina jingine da ƙafarta, domin ni ne angonta, ni ke cin gyaɗar farko.

Ta ce a wani zamani, can dajin da ke bayan Sule Tankarkar, an yi wani saurayi Tanko wanda babu mai kama shi a gudu. In an aike shi kasuwa da safe, kafin kunu ya huce ya dawo. Wata rana ƙishirwa ta kai shi bakin wata rijiya, ya tarar da wani tsoho riƙe da gora mai ƙaramin baki. Tsohon ya tambayi sunansa, ya faɗa. Tsohon ya tsoma tsinke a tawada, ya zura a gorar ya yi rubutu, sannan ya ce, "Leƙa ka gani." Tanko ya sa ido. Sai ya ga wata doguwar hanya mai ramuka, ga wani ɗan mutum kamar fara a tsaye. Ya ƙara dubawa, ashe shi ne. Da ya ɗago kai, babu rijiya, babu daji, sai bakin gora can sama kamar tauraro.

Tsohon ya shiga yawo gari gari da gorarsa. Yara su kawo tafin gero, ya bar su su leƙa. In ya karkata gorar, dole Tanko ya yi gudu. In ya faɗa rami ya karye ya mutu, sai tsohon ya girgiza ta, ya tashi a farkon hanya. Yara su yi ta shewa. Uwarsa kuwa ta sayi likkafani, an haƙa kabari, amma babu gawa. Iya ta sassauta murya ta kwaikwayi Tanko, har yau ina jin ta: "Jama'a, na mutu fa. Ku yi mini wanka. Ku sa ni a ƙasa."

Ƙanwata ta fara kuka. Iya ba ta tsaya ba. Ta ce ranar da mutuwar Tanko ta cika dubu, rana za ta kasa kallo, ta rufe idonta da hantsi. A cikin wannan duhun, duk yaron da ya taɓa leƙa gorar yana dariya, zai ji ana kiran sunansa daga ciki.

Na ce, "Iya, wa zai fitar da shi?"

"Sunansa a rubuce yake a ciki, angona. Muddin rubutun na nan, yana nan."

Ta sauke kaskon ta ce mu tashi, an kira isha'i. Ba ta rufe tatsuniyar da komai ba, ta bar ta a buɗe. Iliya ya ce mini, "Tsohuwar nan da ni take, wai don kada mu cinye batir." Shi ya yi dariyarsa. Ni ko gyaɗar ban ci ba.

Kwana biyu ke nan, da hantsi, muna tsakar gida, sai haske ya fara canja launi. Ba hadari, ba girgije. Inuwar ganyen darbejiya a ƙasa ta koma kamar ƙananan lauje. Iska ta yi sanyi, awaki suka hau kuka. Maza suka nufi masallaci, mata na salati, yaran unguwa suka fita suna buga gwangwani, Iliya ya bi su. Daga baya na san cewa an yi kwanaki ana sanarwa a rediyo, kuma Iya ba ta rabuwa da rediyonta. A ranar ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne na leƙa, na yi dariya, kuma ga rana ta rufe ido.

Na tsaya ina saurare ko za a kira sunana. Sai na shiga ɗakin Baba, na zare kaset ɗin, na kai bayan rumbu inda muke wanke allo. Abu ɗaya na sani game da rubutu: in an gama da shi, wanke shi ake yi. Na ɓamɓare murfin da wuƙar Iya. A ciki akwai wani ɗan faifai kore, an ja masa siraran layuka masu ruwan zinariya, a jere kamar rubutun gwani. Na ce lallai shi ne. Na yi bisimilla, na tsoma shi a ƙoƙo. Ruwa bai ɗauke shi ba. Sai na ɗebo yashi na shiga dirza, ina karanta duk surar da na haddace, ina cewa, "Fita, fita, Allah ya ji ƙanka." Ban daina ba sai da layukan suka goge. Ruwan na zuba a gindin katanga inda ƙafa ba ta takawa, yadda aka koya mana. Kafin in mayar da murfin haske ya fara dawowa, zakaru na cara. Na ɗauka ni na dawo da rana.

Da yamma Iliya ya sa kaset, talabijin ta nuna toka-toka. Ya zare ya hura, ya mayar. Ya goge da rigarsa, ya sake hurawa. Ya fi sau ashirin yana yi. Bai yi kuka ba. Ya dai ce a hankali, "Ni ne. Jiya na bar shi a bakin taga, rana ta dake shi." Ina tsaye a bayansa, yashi na nan a ƙarƙashin faratana.

Iya ta gane. Wuƙarta ta lanƙwashe a baki, ga ƙoƙo a bayan rumbu. Ta kira ni ɗakinta, wannan karon ba ta ce angona ba.

"Hamisu, abin marayan nan ka taɓa?"

Na faɗa mata duka. Ta dafe kai ta ce, "Astagfirullah, bakina ne ya jawo. Ni so nake ku rage zaman banza. Amma hannunka ne ya yi. Je ka gaya masa."

Ban je ba. Na ce gobe. Kafin damina aka mayar da mahaifiyarsa Maigatari, suka kwashe kaya. Iya ta sake tuna mini sau ɗaya, a ciwon da ta rasu da shi. Ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Ni na roƙi Allah gafarar nawa laifin. Naka ba a wurin Allah kaɗai yake ba, yana wurin yaron nan." Daga nan tsoron Tanko ya bar ni, wani ya maye gurbinsa. Duk jana'izar da na je, in aka tambaya ko akwai mai bin mamaci wani haƙƙi, sai in tuna da Iliya.

Na girma na zama mai kwafar tsofaffin littattafan ajami na malaminmu, waɗanda gara ta fara ci. Bara na sayi tsohuwar kwamfuta don in adana hotunan shafukan. Nauyi take yi ƙwarai, na kai wa Sabo mai gyara a bakin tasha. Ya ce zai zuba mata Linux, tsarin da jama'a suka haɗu suka rubuta kyauta, wanda ba ya raina tsohuwar na'ura. Da na koma karɓa na same shi yana buga wani gem irin na yarintarmu.

Na ce, "Ina injin? Ina kaset?"

"Haba Malam, an wuce nan. Wata manhaja ce ke kwaikwayon injin, gem ɗin ya ɗauka a gidansu yake. Kasa-kasan kuwa, mutane a ƙasashe daban-daban sun kwafe rubutun cikinsu tun kafin su ruɓe. Sana'arku ɗaya da su."

Na nemi benci na zauna. Ashe mai fitila bai fita ko'ina ba. Yana nan yana gudu a gidajen da ban san adadinsu ba. Na Iliya kaɗai na kashe.

Ban san sunan gem ɗin ba, don takardar jikin kaset ɗin da wani irin rubutu take wanda ba mu iya karantawa. Sabo ya zuba mini su da yawan gaske, na riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya bayan sallar asuba. A mako na shida na ji ɗan kiɗan nan na faɗawa rami. Sai na ji kamar Iya ce ta buga kasko.

Na sami labarin Iliya na can Maigatari har yau, sai na hau motar garin da kwamfutar a cinyata. Duk babbar motar da ta tunkaro mu sai in riƙe kujera, ina roƙon Allah kada ya ɗauki raina a tsakanin garuruwan nan biyu da maganar a bakina. A hanyar na yi tunanin tatsuniyar Iya. Ina yaro na ɗauka abin tsoron shi ne a rufe ka a gora. Sai a motar nan na lura cewa akwai wani a labarin wanda ban taɓa sa kaina a wurinsa ba, wato mai riƙe da gorar, wanda ya san abin da ke ciki, yana tafe da ita gari gari bai buɗe ba.

Iliya na da shagon magani kusa da kasuwar dabbobi. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Ya rungume ni yana cewa, "Angon Iya! Yau wace rana?" Ban bari ya aika a kawo lemo ba. Na faɗa masa tun daga wuƙa har yashi.

Ya gyara kwalaben da ba su karkace ba. Wata mata ta zo sayen maganin tari, ya sallame ta, ya dawo.

"Ka san shekara nawa na yi ina cewa ni na lalata abin Babana? Har yau ba na ajiye komai a bakin taga. Matata dariya take yi mini."

"Na sani ban kyauta ba, Yaya Iliya. Ba kaset ɗin babanka na kawo ba, wannan ba ya dawowa. Ka yafe mini ko kada ka yafe, haƙƙinka ne."

Na buɗe kwamfutar a kan teburinsa, na miƙa masa hannun gem ɗin da Sabo ya jona. Mai fitila na tsaye a bakin kogo. Iliya ya karɓa. Ya latsa, ɗan mutumin ya ruga, ya faɗa ramin farko. Kiɗan ya tashi. Iliya ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na motsi, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ban kuma tambaya ba.

Da ya sauke hannun ya ce, "Da yashi, Hamisu? Da yashi fa ka ce?"

"Da yashi."

"Na yafe, duniya da lahira, kamar yadda kuke faɗa." Ya turo mini kujera da ƙafa. "Amma ba inda za ka. Hannuna ya manta, kuma kogo takwas ne. Zauna ka riƙa gaya mini inda ramukan suke."