Ɗakin da na hana numfashi

Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, aka sallame ni. A gidanmu kuwa aji huɗu sun isa su mai da mutum injiniya, muddin yana iya karanta rubutun jikin buhun siminti.

Shekarar da ruwa ya dawo bayan babbar yunwa, ina aikin lebura a Keita wajen masu gina ɗakunan ajiya. Na ga yadda suke shafe bango sumul, su shimfiɗa leda ƙarƙashin rufi, ba kafar da iska za ta bi. Na koma gida da ragowar siminti da leda, kaina ya kumbura ya fi kayan nauyi.

Abin da ke gabanmu lokacin shi ne irin geron Baba. Daga kakansa ya gaje shi, gero mai saurin nuna, wanda ya saba da tsakuwar tudunmu. Cikin yunwa mun ci dusa, mun ci ganye, Inna ta yi kuka a gabansa, bai bari an taɓa irin ba. Da ruwa ya zo ya shuka, ya ware dami shida na iri. Rumbunmu kuma ya tsage, ɓeraye sun mai da shi kasuwa.

Na ce a ba ni ƙaramin ɗakin ƙasa na bayan gida. Na shafe shi da siminti ciki da waje, na manna leda a rufi, na toshe 'yar tagar da ke sama. Baba ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya.

"Malamin lakwal, wanga ɗaki ta ina za shi yi numfashi?"

"Baba, ɗaki ne, ba jaki ba. Inda iska ba ta shiga, ƙwaro ba shi shiga."

Ya yi dariya. "To, kai ka yi karatu."

Muka jera dammunan da sauran ɗanyensu, shafen bangon ma bai gama bushewa ba. Na liƙe ƙofa da laka, na wanke hannu kamar likita.

Da hadari ya fara haɗuwa muka buɗe. Wari ne ya fara fitowa. Wata bakwai ba a ga ɗigon ruwa ba, amma ga ruwa rataye a jikin leda, ɗigo-ɗigo. Damshin geron da na bangon sun rasa hanyar fita, sai suka koma kan irin. Zangarniyoyin sun yi fumfuna kamar furfura. Na ƙwanƙwasa bango, simintin ya ɓantaro da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Baba ya zaro zangarniya. Ya murje tafi ɗaya, ya ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, ya jira kwana uku. Babu tsiro. Sau uku yana gwadawa, daga dami daban-daban.

Ni aka aika garin Allakaye roƙon iri wajen surukinmu. Nasu geron mai nawar nuna ne, muka shuka, ruwa ya ɗauke bai gama ido ba.

Da Baba ya zage ni, da na samu sauƙi. Har ƙarfinsa ya ƙare, duk ranar kasuwar Buza sai ya bi masu gero ɗaya bayan ɗaya, ya murza zangarniya a tafinsa, ya duba ƙwayar, ya mayar. Ni nake riƙe masa jaka. Bai taɓa samun irin nasa ba.