Nana Gumersinda Mai Tafiya da Baya

Ina tsugune a bakin famfo ina wanke masarar da na dafa, sai na ji jakin Tata Crisanto mai itace ya tsaya a ƙofar gidana. Na ɗaga murya na ce ina da sauran itace, ya yi gaba. Bai yi gaba ba. Tata Crisanto ya shigo har tsakar gida, ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji. Mutumin da tun da sanƙo ya kama shi, ko a coci sai an harare shi yake cire ta. Ina ganin sanƙon nan a fili na san wani ya rasu.

"Nana Petronila," ya ce, "komadrenki ce. Da asuba."

Na ci gaba da wanke masarar, ban san dalili ba. Sai da ruwan ya fita fes na tsame hannuna, na zauna a ƙasa a bakin famfon.

Gumersinda ce ta riƙe 'yata ta fari ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna komadre, amma tun muna yawo ba takalmi muke tare. Ni na tashi a sayar da abinci, ita ta gaji uwarta a gini. Tana gina randuna, amma abin da aka fi saninta da shi cimeneya, murhun nan na yumɓu mai ƙaton ciki da faffaɗan baki da dogon wuya. Kakarta ta ce mata a da ba don ado ake gina shi ba. A tsakar gida yake, a gasa burodi a cikinsa, a kewaye shi a sanyin Disamba, wuyan ya kai hayaƙi sama da kan mutane. Yanzu masu motoci ne ke saye su kai lambu. Gumersinda ba ta damu ba, in dai za su hura masa wuta.

A garinmu yumɓu ba ya zagaya mutum, mutum ke zagaya yumɓu. Maginiya za ta kafa gindin a ƙasa, ta sunkuya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, ta riƙa ja da baya tana kewayawa, bango na tashi a bayan hannunta. Kowace mace haka take yi. Bambancin Gumersinda, ita in ta gama aikin ba ta dainawa. Da baya take fita daga kicin. Da baya take fita daga coci, har wani sabon Fada ya yaba mata a gaban jama'a, wai ba ta juya wa bagade baya saboda tsoron Allah. Ta karɓi yabon abinta. Marigayi mijinta, Tata Onofre, yakan ce shi bai taɓa neman aurenta ba. Ya zo wucewa ne ta take masa ƙafa da dunduniya, ya tsaya jiran haƙuri, yana nan yana jira har 'ya'ya suka girma.

Sayen kaya a wurinta kuwa sai mai haƙuri. Na ga ranar da wani mai farar riga daga birni ya zaɓi murhu, ya cafko shi ta wuya zai kai mota.

"Maigida, haka kake ɗaukar 'ya'yanka?"

"Ai zan biya, Nana."

"Ajiye tukuna. A nan aka haɗa shi, a nan ransa yake. Ta ciki za ka rungume shi, kamar ka yi kewarsa."

Ya ajiye. Ta zaunar da shi a kan kututture ta karanta masa: ya zuba yashi a ƙasan cikin kafin ya sa itace, ya fara da 'yar wuta ta ƙirare a kwanakin farko har yumɓun ya saba, kada ya kuskura ya kashe wutar da ruwa. Ta sa ya maimaita. Da ya tsallake maganar yashi, ta ce ya je ya dawo wata shekarar.

Gwiwoyinta ne suka fara cin amanarta. Ta ɓoye, ta ce sanyi ne, ta ce takalmi ne. Har ranar da ɗanta Fidencio, wanda ke aiki a birnin Uruapan, ya zo ba sanarwa ya tarar da ita kwance a gefen randa rabin gini, ta kasa tashi, tana zagin kaza don ta leƙo ta. Sati na zagayowa ya dawo da kaya biyu a bayan mota. Ina wurin.

"Mama, wannan faifan ƙarfe ne. Ki zauna kawai, ki ɗora yumɓu, ki juya, tukunya ta zo ta same ki."

"Tukunya ta zo ta same ni. Na zama matar gwamna ke nan."

"Wannan kuma kujera ce mai taya, ta zuwa coci."

"Kai ka hau. Kai ka saba da mota."

Fidencio ɗa ne na kirki, amma ranar ya zo da shirinsa. Ya durƙusa a gabanta ya kama hannunta.

"Mama, ba zan iya barci a can ina tunanin kina kwance a ƙasa ba. Babbar kasuwar shekara ta Lahadin Dabino na tafe. In na zo kwasar kaya na tarar ba ki iya gina ko murhu ɗaya ba, to aikin ya ƙare, da ke zan koma. Ɗakinki na nan, har gado mun saya."

"A bene na nawa?"

"Na uku."

"A ina ake hura wuta?"

"Akwai gas, Mama."

Ta dube shi, ta dubi tsakar gidan da aka kawo ta amarya, ta ce ta ji.

Ta gwada faifan, kada a ce ba ta gwada ba. Abin da ya fito ya kumbura gefe ɗaya kamar kuncin mai ciwon haƙori. Ta ce hannunta ba ya jin kaurin bango in ƙafarta na tsaye wuri ɗaya, su biyun tare suka koyi aikin, ɗaya ba ya yi ba ɗaya. Ta tura faifan gindin bishiya ta watsa wa kaji masara a kai. Zakaranta ya hau ya yi juyi ɗaya, daga ranar bai sake kusantar wurin ba.

Daga nan ta daina taɓa yumɓu. In na kai mata abinci sai in tarar da ita zaune tana kallon yumɓun da ke lulluɓe da buhu. Kasuwa na matsowa. Na fara tunanin wace riga zan ba ta ta tafi da ita.

Wata safiya ta aika a kira ni. Na tarar da ita zaune daram a kujerar da ta rantse ba za ta hau ba, an kafa gindin murhu a tsakiyar fili.

"Komadre, bayanki lafiya?"

"Me ya faru?"

"Tambaya na yi. Kama nan. Ki ja ni da baya, a hankali, kada ki tsaya sai na ce."

Haka muka fara. Ni a bayanta na riƙe hannun kujera ina ja, ita ta karkata gefe tana ɗora yumɓu tana shafewa da totuwa. Abin da ba mu lissafa ba, filin nan ba a miƙe yake ba. Wajen rijiya gangare ne, in mun zo nan kujera ta nufo ni da gudu, wajen kicin kuma sai na yi nishi kafin ta motsa.

"Nila, gudu muke? Wa ya biyo mu?"

"Gidanki ne a karkace."

"Shekara da shekaru ina zagaya shi bai karkace ba sai da kika zo."

"To sauko ki ja ni, in gina."

"Ke? Ko kaskon kare ba za ki gina ba. Ja."

Tata Crisanto ya leƙo ta kan katanga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zai ba mu aron jakinsa, shi aƙalla ba ya mayar da magana.

"Bar ni da wannan," in ji ta. "Na riga na saba da halinta."

Mun kwana biyu a haka. Cikin murhun ya tashi, ta yanka masa baki, muka bar shi ya sha iska a inuwa. Wuyan ta gina shi daban, shi bai ba mu wuya ba. Ranar haɗi ce na ji tsoro, don kafaɗar murhun ta fi ƙarfin hannun mai zama. Crisanto ya ɗaga wuyan ya ɗora, ta dubi tsawon wurin, ta ce in matso. Ta miƙe. Ta rataya hannun hagu a wuyana, na dama a kan yumɓu, muka ja da baya tare, ni ina taka mata ƙasa ita tana shafe haɗin da yatsa. Ina jin haƙoranta na gugar juna a kusa da kunnena. Ba ta ce wayyo ba. Da muka dawo inda muka fara ta zube a kujera, gumi har haɓa, ta ce na taka mata ƙafa sau biyu, amma ta yafe.

Murhun ya bushe, ta shafa masa jar ƙasa, ta goge. Sai gasawa a wuta, inda aikin wata guda kan tashi a banza cikin ƙiftawar ido. Ta gaya min a ɓoye cewa bangon wajen rijiya ya yi siriri, a nan nake gudu da ita, in zai tsage a nan zai tsage. Aka jera masa itace har ya ɓace, aka kunna. Gumersinda ba ta taɓa kallon kayanta a wuta ba, ta sa na juya kujerar ta fuskanci katanga. Muna zaune sai wani abu ya ce ƙas a cikin wutar. Na ga wuyanta ya sandare.

"Itace ne," in ji Crisanto.

"Kai ka kawo itacen, dole ka ce haka."

Itacen ne kuwa. Da wuta ta faɗi aka janye garwashi, ga shi tsaye ja wur, ba tsaga ko ɗaya. Ta ce a tura ta kusa. Ta tsoma tsintsiya a ruwan garin masara ta yayyafa masa da zafinsa, yana cuu, baƙaƙen zane na fitowa a jikinsa.

"Ba ke kike hana mutane sa masa ruwa da zafi ba?" na ce.

"Su baƙi ne. Ni uwarsa ce."

Fidencio ya iso ana jibi kasuwa, ya sauko da akwati babba, fanko, na kwasar kayan uwarsa. Ya shigo ya yi turus. Gaskiya murhun ba shi ne mafi kyau da ta gina ba. Gajere ne, wuyansa kuma ya karkata wajen rijiya kamar mai sauraron gulmar maƙwabta. Ya ƙwanƙwasa cikin da ɗan yatsa, ya amsa masa tangaran.

"Mama, wannan ko ƙirjina bai kai ba."

"Kai ma da na haife ka ba ka kai gwiwata ba, ban mayar da kai ba."

"Wa ya taimake ki?"

"Ka ce in gina. Ba ka ce da ƙafar wa ba."

Sai idonsa ya faɗi ƙasa, ya ga sawun taya ya yi zobe a tsakar gida, ya zurma kamar hanyar shanu. Ya bi zoben da ido, ya ɗago ya dube ni.

"Nana Petronila, ke da na dogara da ke."

"Ɗana, ni ja kawai na yi."

Ya fara dariya, sai dariyar ta sauya, ya juya ya fuskanci katanga ya daɗe. Da ya juyo ya ce murhun ya zauna a gida, ba mai sayen wannan wuyan. Ta ce dama ba na sayarwa ba ne. Akwatin ya koma Uruapan cike da masara da wake.

Ta zauna a gidanta. Ta ci zafin Mayu a nan, ta ga damina ta sauka. Ta bi ƙa'idarta a kan murhun, yashi a ƙasa, 'yar wuta 'yar wuta, sai da ya saba ta yarda aka sa masa itace na gaske. Kowace yamma in na tashi daga kasuwa nakan biya, mu zauna a bakinsa ƙarƙashin rumfa, ta gasa masara, ta zagi masarar, ta cinye. A gadonta ta rasu, wanda ke fuskantar ƙofa, inda take hango shi. Matar maƙwabci da ta kai mata kunu ta ɗauka barci take.

Yammar ƙarshe, ban san ta ƙarshe ba ce, hadari ya haɗu ta wajen dutse, wutar murhun ta koma garwashi. Bayan maganar da zan faɗa, gyangyaɗi ya ɗauke ta a kujera, ni kuma na yi abin da ta ce, na kai ta ɗaki ba ta farka sosai ba, na ja ƙofa. Amma kafin nan na miƙe na yafa mayafina zan tafi.

"Komadre, ruwa zai zo da iska. Ki kifa masa kasko a ka kafin ki fita, kada ya shiga ta wuya."

Na taɓa wuyan na janye hannu.

"Da zafinsa? Ai sai ya huce."

"To zauna har ya huce," ta ce. "Ina kike sauri?"