Rufe da Buɗe a Akwatin Ƙwan Zabi

A da, idan aka ce tiransisto a Malumfashi, rediyo ake nufi. Ni kuwa na yi shekaru ina gyaran na'urorin sadarwa a Yamai, Duwala da Fot Sudan, na san shi a matsayin ɗan abu mai ƙafa uku da ke tsare hanyar wuta. Yanzu ya ƙanƙance kamar ƙwayar dawa, kuma ba hannu ke kunna shi ba. Wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ce ke ba shi umarni.

Da na yi ritaya zama ya gagare ni. Sai na haɗa wa ƙanwata da ke Gozaki, kusa da Malumfashi, akwatin ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Ƙwaƙwalwar tana auna ɗumi, ta sa tiransisto ya riƙa kunna wayar ɗumi yana kashewa da saurin da ido ba ya gani, don batirin sola ya kai gobe. A gefe na sa wani makunni na gwaji, wanda ke tsallake tiransiston ya ba wayar wuta gaba ɗaya. Na rubuta masa "rufe" da "buɗe" yadda muke faɗa a wurin aiki. Da Turanci da Faransanci, idan an rufe da'irar lantarki, a lokacin ne wuta take bi. Na manta cewa a gidanmu, abin da aka rufe ya tsaya ke nan, kamar famfo.

Ƙwan saura kwana shida su fashe, ina Funtua, ta kira ni da hantsi.

"Yaya, akwatinka ya yi zafi kamar tanda."

"Me kika taɓa?"

"Ba komai. Hadari ya hana rana kwana biyu, shi ne na rufe makunnin nan don batir ya huta."

"Buɗe shi! Maza buɗe!"

"In buɗe wuta ta ƙara shiga? Yaya, yawon duniya ya juya maka kai?"

Layi ya katse. Na kira, na sake kira, shiru. Na shiga motar Malumfashi, ta ƙi cika. Na sauka, na koma, na sake sauka. Da ƙyar ta cika muka tashi. A hanya duk inda direba ya tsaya ɗaukar buhun masara sai in ji kamar in fita in tafi da ƙafa. Ƙwan nan ƙanwata ta bi jeji da gonaki ta tara su tun farkon damina.

Na isa bayan azahar na tarar da ita zaune a bakin ɗaki tana yi wa ƙwan fifita da faifai. Murfin akwatin yana jingine da bango, makunnin kuwa yana nan a "rufe", batir ya mutu.

"Ka ce in buɗe, na buɗe," in ji ta. "Abin da ke da murfi shi ake buɗewa."

Murfin da ta cire shi ya fitar da zafin. Na kawo batirin babur muka jona. Wajen rabin ƙwan suka ƙyanƙyashe, sauran sun riga sun dafu.

A ranar na cire makunnin gwajin na jefa a aljihu. Tun daga nan, duk abin da na haɗa wa mutanenmu, "kunna" da "kashe" nake rubutawa.