Furen da Ya Ba da Baya

A unguwarsu ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Fure ake ce masa, don duk allon da aka ba shi ya rubuta sai ya maƙala masa fure a gefe: na shagon aski, na makarantar yara, har bayan babbar mota. Ya taɓa yi wa wani bakanike, mutumin ya tsaya yana kallo ya ce, "Baba, ni fa gyaran birki nake yi, ba kwalliyar amare ba." Bai dai sa an goge ba.

Tun yana saurayi furanninsa iri ɗaya ne. Rawaya a tsakiya, jan ganye kewaye, kowanne ya ware fuska yana kallonka. Autarsa ce kaɗai take iya tsokanarsa a kansu.

"Baba, furanninka kamar 'yan makarantar da aka jera za a ɗauka hoto. Ba mai waiwaye, ba wanda ya ɓuya a bayan wani."

"Ke da ko buroshi ba ki iya riƙewa ba?"

"Ban iya ba, amma ina da ido."

Auta ta girma, ta fara koyarwa, sai ciwon ƙoda ya kwantar da ita a asibiti. Wata ƙawarta ta kawo mata fure a ɗan kofi, aka ajiye a bakin taga. Kullum furen sai ya karkata wajen gilashi ya bar su da ƙeyarsa. Baba Fure ya juyo da kofin, kafin ya sake zuwa dubiya ya koma yadda yake.

"Bar shi, Baba," in ji Auta. "Ba fushi yake da mu ba. Haske yake bi."

A kwanakin da ba ya iya kallon kumburin hannuwanta, bayan furen nan yake kallo. A nan ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba duk tsawon aikinsa: ɗan koren ƙoƙon da ke riƙe da ganyen, jijiyoyi sirara, da yadda rana ke ratsa gefen ganye ta mayar da ja ruwan hoda, tsakiyar kuma ta zauna cikin inuwa.

Bayan rasuwarta ya daina zane. Ya koma fentin gidaje, fari da ruwan madara, bango bayan bango. Ƙananan buroshinsa ya zuba su a gwangwani ya tura ƙarƙashin gado. Matarsa dai lokaci-lokaci takan jawo gwangwanin ta ƙara kananzir don kada su bushe.

Wata ranar Asabar sai ga Sista, babbar nas ɗin da ta yi jinyar Auta, ta yi sallama. An mayar da ita ɓangaren yara, kuma akwai dogon bango a barandar da iyaye ke zaman jira.

"Bangon nan kamar fuskar mai zazzaɓi, Baba. Ka zo ka yi mana irin naka, abin da zai sanyaya rai."

Ya ce hannunsa ya manta. Matarsa ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin ta ajiye a gabansa.

Ranar farko a asibitin bai taɓa fenti ba. Ya zauna a bencin masu jira yana duba ta inda haske ke shigowa. Taga ɗaya ce, can ƙarshen baranda. Washegari ya fara da kore mai duhu daga ƙasa, har mai shara ta tsaya da tsintsiyarta ta ce, "Baba, daji za ka kawo mana? Sauro ya ishe mu." Ya yi murmushi ya ci gaba. Furannin nesa ya yi su ƙanana kamar farce, ya sirka launinsu da na bangon har suka dusashe. Na kusa ya yi su manya, wannan ya rufe rabin wancan, wani ya sunkuya, wani toho ne bai buɗe ba. Duk gefen da ke fuskantar taga ya ba shi haske, ɗaya gefen inuwa. Ya guji ja mai zafi, ya zaɓi launukan hantsi. Bangon ya fara yin ciki, kamar mutum zai iya sa ƙafa ya shiga.

A tsakiya, daidai idon wanda ke zaune a benci, ya zana mafi girma. Furen ya ba da baya, yana kallon wajen taga.

Sista ta zo da yamma ta daɗe a tsaye.

"Aiki ya yi kyau, Baba. Amma wannan ba zai zauna ba."

"Me ya yi?"

"Nan asibiti ne. Uwa tana zaune tana jiran likita ya fito, ta ɗaga kai ta ga abu ya ba ta baya kamar mai tafiya. Ka fi ni sanin abin da zuciya ke rayawa a bencin nan."

"In na juyo da shi, duk su koma 'yan hoto."

"To su koma. Ko ka juyo da fuskarsa, ko a shafe wurin da fari."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ma bai ga laifinta ba. A gida ya ba matarsa labari tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na tagar Auta ka zana."

Ta ture tsakuwa gefe, ta ci gaba.

"To ka tambayi kanka, Malam. Don kai ka yi, ko don masu jira?"

Da safe ya ɗauki gwangwanin farin fenti, ya yanke cewa in baƙin cikinsa ne ya shafa wa mutane a bango, gara ya rufe shi.

Da ya shigo barandar sai ya tarar da wata yarinya da rigar asibiti ta manna kumatunta da bango, ta kanne ido ɗaya tana leƙe ta gefen furen. Kakarta na biye da ita, ta ɗaga ledar ƙarin ruwa sama.

"Tun da aka yi mata aiki likita ke cewa ta taka, ta ƙi sauka daga gado," in ji kakar. "Yau ta hango wannan ta ƙofa, wai sai ta ga fuskarsa. Ga ni nan na zama sandar rataye ruwa."

Yarinyar ta dubi fentin da ke jikin rigarsa. "Tsoho, kai ka yi shi?"

"Ni ne."

"Me yake kallo?"

Ya ajiye gwangwanin a ƙasa kafin ya amsa. "Haske yake bi."

"Fuskarsa fa? Na leƙa ban gani ba."

Sista na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta dubi yarinyar, ta dubi tsawon barandar har zuwa taga.

"Baba, farin nan ajiye shi. Fuskar da take nema, za ka iya zana ta can ƙarshe?"

"Kusa da taga? Da nisa fa."

"Nisan nake so. Duk mai son gani ya taka."

"Ke nan ni za ku kashe," in ji kakar, tana sauya hannu.

Ya zana wani furen a jikin bangon da ke gefen taga, fuska a buɗe, rana ta cika ta, ƙasa-ƙasa yadda yaro ba sai an ɗaga shi ba. Da ya gama ya zauna a benci. Daga nan ƙeyar kawai ake gani, kamar yadda ya saba ganinta. Yanzu dai ya san akwai fuska a can gaba.

Nas-nas ɗin ɓangaren sun mayar da abin magani. In yaro ya ƙi tashi sai su ce, "Ba ka je ka gaida furen ba?" Baba Fure kuwa ya koma rubuta alluna. Kwanan baya bakaniken nan ya kawo nasa a sabunta, da ya zo karɓa ya karkata kai yana duban furen da ke gefen rubutun, wanda ya juya fuska gefe.

"Baba, wannan kuma ina ya nufa?"

"Layin masu birki yake leƙawa."

"To Allah ya sa ya hango su da yawa," in ji bakaniken, ya saɓa allonsa a kafaɗa.