Sakatar Wuƙar Mazari

Shekara talatin da 'yan kai ina wasa wuƙa a rumfar da ke jikin ƙofar filin lodi. Dutse gare ni wanda ake juyawa da ƙafa, da magagari biyu, babba da ƙarami, da gwangwanin ruwa. Aikin ba ya son gaggawa, ni ma ba na sonta, shi ya sa muka daɗe tare. Amma ba labarina zan bayar ba. Labarin ƙanin matata ne, wanda kowa a filin yake kira Mazari.

Sunan ya bi shi tun yana saurayi, don jikinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. In yana magana da kai, ƙafarsa na kaɗawa. Abinci a tsaye yake ci. Ko gaisuwa ba ya ƙarasawa: kafin ya gama "ina kwana, Yaya" ya kai bakin mota, sai dai in amsa wa ƙeyarsa. Yayarsa takan ce tun a ciki haka yake, wata bakwai ya yi ya ce ya gaji da jira.

Aikinsa ɗaurin kaya. In leburori sun gama jera buhuna a babbar mota, na sukari ko gishiri ko fulawa, shi ke hawa can ƙoli ya ja tamfol, ya zagaya da igiya, ya ƙulle. Direbobi sukan jira shi ko da akwai wasu masu ɗauri a zaune, don kayan da Mazari ya ɗaure ba ya zamewa a hanya. Ya haura hamsin, amma in ka gan shi a saman mota yana tsallake buhuna sai ka rantse bai kai talatin ba. Can ne kaɗai na taɓa ganin fuskarsa a kwance.

Mai ɗauri ba ya rabuwa da wuƙa. Su duka 'yar ƙaramar nan ta aljihu suke riƙewa, mai naɗewa, irin wadda ake sayarwa a faifai tare da cokula da makullai, kuɗinta bai kai na abincin rana ba. Na wasa irinsu sun fi dubu. Sabuwa tana zuwa da ƙyalli kamar madubi, amma ƙarfenta taushi gare shi. Nan da nan take ɗaukar kaifi, nan da nan take zubar da shi. Igiyar roba kuwa ba abin da ke cinye baki kamarta. Wuƙar da ta aske gashin hannu da safe, kafin la'asar sai ta riƙa zamewa a kan igiya kamar ana shafa mata mai. In wuƙa ta dushe, mutum yakan ƙara ƙarfi, a wajen ƙara ƙarfin ne ake jin ciwo.

Yawancin wuƙaƙen nan suna da wani ɗan ƙarfe a cikin mariƙi, wanda ke tokare ruwan wuƙar in an buɗe, don kada ta naɗe a kan yatsu. 'Yan filin suna ce masa sakata. In ta shiga za ka ji ƙyas. In za ka rufe, sai ka tura ta gefe da babban yatsa, ka naɗe da ɗaya hannun. Abin bai wuce ƙiftawar ido biyu ba. Mazari ba shi da ƙiftawar ido biyu. Duk sabuwar wuƙar da ya saya, rumfata yake fara kawo ta.

"Yaya, cire mini wannan tsohuwar da ke tsaye a bakin ƙofa."

Sai in sa magagari in cinye sakatar gaba ɗaya. Daga nan da ya yanka igiya sai ya goga bayan wuƙar a cinya, ta naɗe, ta faɗa aljihu, hannunsa ɗaya na riƙe da tamfol. Ya san halinta, yana riƙe ta da kan yatsu, ba ya sa su a hanyarta. Duk da haka ta cije shi sau huɗu. Yakan nuna tabon yana dariya, wai haƙoran matarsa ta biyu ne.

Cizo na huɗu ne ya jawo magana, don jinin ya ɗiga a kan fararen buhunan fulawa, mai kaya ya ƙi karɓa. Manajan filin ya tara masu ɗauri a gaban rumfata. Mutum ne mai sanyin murya, amma ba ya maimaita magana. Ya ce daga yau ba mai hawa mota sai da wuƙa mai sakata, kuma kowace safiya zai ji ƙyas ɗinta da kunnensa. Sannan ya juya ga Mazari, ya nuna kujerar maigadi, wadda ba kowa a kanta tun da tsohon maigadin ya ajiye aiki.

"Kai kuma, jininka ya sake taɓa buhu, ga wurinka can."

Leburori suka kwashe da dariya. Wani ya ce sai dai a ɗaure shi a kujerar da igiyarsa. Mazari ya yi dariya tare da su, amma na ga ya kalli kujerar nan kamar wanda aka nuna wa kabarinsa.

'Yarsa ta fari, wadda ke ɗinki, ta ji labari. Washegari ta zo da wuƙa sabuwa a cikin ɗan kwali, mai baƙin mariƙi, sakatarta da ƙarfi har sai ka cije leɓe kafin ta matsa. Ta ba shi a gabana, ta ce da ni, "Baba, amana na ba ka. In ya kawo maka ita, kaifi kawai."

"Ji 'yar nan," in ji Mazari. "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Kai ka haife ni, shi ya sa nake son yatsunka su cika goma."

Kwana biyu ya yi da ita. A na uku ya shigo rumfata yana huci. Bai zauna ba, ba ya zama. Ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya ɗauki almakashin wani ya ajiye, ya taɓa dutsena.

"Yaya, wannan abu zai kashe ni. Ina sama, iska na jan tamfol, sai in sake shi in kama wuƙa da hannu biyu kamar mai lallashin jariri? Jiya Dogo ya riga ni gama mota. Dogo fa! Wanda in ya ƙulla igiya sai ka ce zariyar wando."

Na ce, "Hannunka zai saba."

"Kai komai zai saba. Da za a bar ka, sai ka jira dutsen nan ya juya kansa."

Na ci gaba da aikina. Ya tafi. Da azahar ya dawo, da la'asar ya sake dawowa. Washegari tun kafin in ɗaga labulen rumfa yana tsaye yana kaɗa ƙafa. Ya daina cewa in cire, ya koma in rage.

"Kaɗan kawai. Ta yi ƙyas ɗinta Manaja ya ji, ni kuma in na goga a cinya ta bi. Ba cirewa ba ce, Yaya, ladabtarwa ce. Ka ba ni yayata ma na haƙura, wannan ne za ka hana ni?"

"Ni na ba ka yayarka, ko kai ka ba ni?"

"To ka gani, ni na yi maka alheri. Rama."

Kwana huɗu yana wannan sintiri. Ni mutum ne mai haƙuri, amma na gane a ranar cewa haƙuri da naci in suka daɗe a ɗaki ɗaya, naci ke fita da riga. Na ɗauki ƙaramin magagari. Sau biyu kawai na ja a kan bakin sakatar, na kwantar da kusurwarta. Na buɗe, ta yi ƙyas. Ya karɓa ya goga a cinya da ɗan ƙarfi, ta naɗe. Ya yi tsalle ya fita, ko na gode bai ƙarasa ba.

Wajen wata biyu abin na tafiya. Kowace safiya Manaja ya ji ƙyas, ya gyaɗa kai. Mazari ya koma riga kowa gama mota. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, shi ne riƙonsa ya canja. Kunnensa ya saba da jin ƙyas, sai hannunsa ya yarda. Ya daina riƙon kan yatsu, ya koma dunƙule mariƙin da hannu duka, kamar yadda ake riƙe wuƙar da ba ta naɗewa. Shi ya roƙa a rage, ni na rage, amma mu duka biyu muka bar ƙarar nan ta ruɗe mu. Wuƙar da ba ta da sakata ka san halinta. Wadda sakatarta ke ƙarya ita ce abin tsoro.

Ranar da abin ya faru, da safe ya kawo ta washi, ya tarar da wuƙaƙen mahauta shida a gabana. Na ce ya jira. Ya ce zai dawo. Bai dawo ba.

Bayan azahar hadari ya taso. Mota cike da sukari tana tsaye a buɗe, sukari kuwa ba ya shiri da ruwa. Direba na ihu, Manaja ya fito daga ofis da gudu. Mazari ya riga ya kai ƙoli. Tamfol ɗin yana naɗe a gaban mota, an ƙulle shi da igiyar roba, ƙullin ya sha ruwan jiya ya cije. Ina kallo daga rumfa. Ya ja wuƙar a kan igiya sau uku, ba ta ci ba, bakin ya mutu tun safe. Yayyafi ya fara. Sai na ga ya soka tsinin a cikin ƙullin, ya danna, yana banƙarawa.

Na miƙe tsaye. Ban san na miƙe ba.

Ba a ji ƙara ba. Hannunsa kawai na ga ya fizge, wuƙar ta naɗe masa a kan yatsa. Ya cire hularsa ya naɗe yatsan, ya sa haƙori ya ƙarasa kwance ƙullin da ya riga ya saki, ya ja tamfol da hannun hagu da gwiwa, ya rufe motar tas kafin ruwan ya sauko da ƙarfi. Buhu ko ɗaya bai jiƙe da ruwa ba. Amma uku na sama sun jiƙe da abin da ba ruwa ba.

Da ya sauko, Manaja ya tsinci wuƙar a ƙasa. Ya goge ta, ya buɗe, ta yi ƙyas. Ya kifa bayanta a kan tebirina ya danna kaɗan, ta naɗe kamar ba komai a cikinta. Ya duba bakin sakatar, inda ƙarfe ya yi fari. Ya dube ni.

"Ni na goge ta a gida," in ji Mazari, hular na ɗiga. "Yaya bai sani ba."

Na ce, "Hannuna ne. Sau biyu na ja."

Manaja ya sa aka kai Mazari asibiti, ya koma ofis. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. 'Yar ma da ta zo ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Baba, kaifi kawai na ce." Har yau in ta gaishe ni, ina jin maganar nan a ƙarƙashin gaisuwar.

An ɗinke yatsan, manuni na hannun dama, amma jijiyar ta tafi. Yana nan a miƙe, ba ya lanƙwasa. Da ya warke ya je ya roƙi Manaja, ya ɗauki igiya zai nuna masa har yanzu yana iyawa. Ina gani daga nesa. Ya gwada ƙullinsa sau uku, igiyar na zamewa ta gefen yatsan. A na huɗu ya ajiye ta da kansa, ya taho bakin ƙofa, ya kama gadi.

Yanzu shekara biyu ke nan muna maƙwabtaka, kujerarsa taku biyar daga dutsena. Hularsa ce ke zama a kan kujerar. Shi yana tsaye, daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, yana buɗe ƙofa tun mota ba ta iso ba. Ba wanda ya sa shi, amma duk mai ɗaurin da zai shiga da safe sai ya miƙo wuƙa. Ba ya sauraron ƙyas. Bayanta yake kifawa a jikin ginshiƙi ya danna da ƙarfinsa. Wadda ta naɗe, a aljihunsa take kwana. Wadda ta dushe, ya turo mai ita wurina, ya tsaya a kansa har a gama, yana yi masa wa'azin haƙuri, ƙafarsa na kaɗawa.

Kwanaki Dogo ya raɓo rumfata, ya rage murya, ya ce sakatarsa ta yi tauri, ko zan ɗan taɓa ta. Kafin in buɗe baki, yatsan nan miƙaƙƙe ya shigo tsakaninmu.

"Ka ga wannan? Tun shekara biyu yake nuna mutum, bai gaji ba. Kai yake nema."

Dogo ya mai da wuƙarsa aljihu.

Abin da bai saba da shi ba har yanzu shi ne fitar mota. In an ɗaure kaya za a wuce, ba ya kallon direba, ba ya kallon takarda. Sama yake kallo. Wani lokaci ya bi motar da sassarfa har bakin titi, yana ihu a ja igiyar baya, ta yi sako-sako. Sai ya dawo yana haki, ya tsaya kusa da ni, hannunsa na dama na motsi shi kaɗai kamar mai ƙulla abu.

Nakan ce, "Zauna mana, Mazari."

Yakan ce, "Yanzu, Yaya."

Kujerar har yau fentinta bai goge ba.